Sun Ce Gidana Ja Ne

Asabar, bayan la'asar

Daga taronsu nake. Ko mayafi ban cire ba na zauna rubutu, don in ban rubuta ba wani zan zaga, kuma maigidan ne kaɗai a kusa.

Mutanen ƙungiyar nan da ke bin yara tun daga makarantar naziri har su ga wa ya shiga jami'a, wa ya tsaya a hanya, yau suka rufe aikinsu. Yarinyar tana cikin waɗanda suka ɗauka tun tana 'yar mitsitsiya. 'Yata ta fari nake nufi. Ba na kiran sunanta, ban taɓa kira ba, a nan ma ba zan rubuta ba. Haka uwata ta yi da yayana har ta koma ga Allah, kuma ba wanda ya taɓa cewa ba ta son shi.

Suka tara mu iyaye, suka haska bango da inji. Shugabarsu, Madam Victoria, ta tsaya da sanda tana nuna mana layuka: ga karatu, ga lissafi, ga zuwa makaranta, ga jarrabawar fita sakandare, ga ta shiga jami'a. Duk wannan ban damu ba. Sai ta zo kan abin da ta kira goyon bayan gida. Wai sun raba gidaje kala uku, kore da rawaya da ja. Kore gidan da ake tsaya wa yaro. Ja kuwa ba sai an faɗa ba.

Sai ta kira yarinyar ta hau sama, ta dafa kafaɗarta ta ce, "Ga wadda gidansu ja ne tun farko har ƙarshe, amma ku duba, ta samu jami'a a Yola." Aka kece da tafi. Matan unguwarmu ta Sintali da muka zo a keke ɗaya suka juyo suna kallona. Sannan aka kira Goggo Hamna, yayar maigidan, wai ita ce babbar da ta tsaya mata daga waje. Ta tashi cikin sabon leshi, haƙora duk a waje, har da ɗaga hannu.

Ni Fanta, a garin da aka haife ni.

Lahadi, da hantsi

Jiya bayan na ajiye biro mun yi magana da ita a tsakar gida. Ba zan rubuta abin da ta ce ba. Abin da na mayar mata ma ba zan rubuta ba. Ta zuba kayanta a jaka ta tafi Yelwa gidan Goggonta. Ƙarshen wata za ta wuce Yola, kuma ta ce daga can za ta tafi.

Ta tafi mana. Wa ya riƙe ta?

Litinin, bayan azahar

Maigidan ya ce in yi haƙuri, wai abin takarda ne, ba ya cizo. Ya sa hularsa ya ce zai kwana Iware saboda kasuwar shanu ta gobe. Shi sunansa bai fito a bango ba ai. In yaro ya yi kyau na uba ne, in gida ya yi ja na uwa ne.

Talata, da safe kafin in fita

Tun jiya nake tuna tambayoyinsu. Wani Tobias ne ke zuwa duk shekara, da a kan keke da takardu, daga baya a kan babur da wata faffaɗar waya da yake latsawa. Yana zuwa sai surukata Dada, Allah ya jiƙanta, ta jawo tabarmarta ta zauna kusa, yarinyar kuma tana tsugune a gefe tana jinmu.

"Mama, kana ganin yarinya naka yana da ƙoƙari?"

Na ce tana dai zuwa makaranta.

"Me kana so ya zama in ya girma?"

Abin da Allah ya so.

"In ya ci jarrabawa kana yaba shi?"

Na sunkuyar da kai. Shi kuma ya latsa.

To me zan ce? In buɗe baki gaban uwar mijina da baƙon namiji in ce 'yata ta fari ta fi kowa kai? Da wane ido zan sake kallon tsohuwar? Ban da haka ma, wace uwa mai hankali ce take shanya ɗanta a bakin duniya? Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Na ɗauka in sun gaji da ni za su daina zuwa. Ashe tara mini suke yi.

Laraba

Ba ta kira ba. Ban kira ba.

Alhamis, bayan an tashi daga aiki

Yau ranar awon yara ce a asibitin da nake aiki. Muna da wani ɗan tef da muke zagaya wa damtsen yaro don a ga ko ya rame, shi ma kore da rawaya da ja. Shekara da shekaru ina ja ina faɗa ba tare da na ɗago kai ba. Yau wata yarinya daga bayan gari ta miƙo mini hannun ɗanta, na zagaya, ya tsaya a ja. Layi cike da mata, duk sun zubo ido. Na miƙa wa Margaret da muke aiki tare na ce ta ƙarasa, kaina ke ciwo.

Margaret ta biyo ni bayan ofis ta ce ta ji labarin Asabar. Ta ce, "Adda Fanta, ni da nine, ranar result zan yi rawa har titi." Na ce mata to ba ke ba ce. Ta koma ciki.

Na tsani a tausaya mini. Ya fi zagi ciwo.

Juma'a, da yamma

Tobias ya zo. Ya tsaya a bakin zaure yana murza makullin babur.

"Mama, ka yi haƙuri. Wallahi ban san Madam zai kira shi a gaba ba. In kana so mu sake tambaya, ka amsa sabo, zan je ofis in gyara."

Na ce, "Ka gyara me? Kunnuwan matan unguwa za ka bi ɗaya-ɗaya ka goge?"

Ya ce shi abin da na faɗa ya rubuta, bai ƙara ba bai rage ba. Wannan ce ta fi ƙona mini rai, don gaskiya ce. Na tambaye shi duk shekarun nan da yake shigowa gidan nan, ya taɓa ganin yarinyar da yagaggen yunifom? Ya taɓa samunta tana talla? Ya ce a'a, amma babu wurin rubuta wannan.

Na ce ya fita. Ruwa ma ban ba shi ba, abin da ban taɓa yi wa baƙo ba. Allah ya yafe mini, amma ko yanzu ya dawo ba zan ba shi ba.

Asabar

Ja. Ina wanke-wanke ina faɗa, ina shara ina faɗa. Ja.

Litinin, bayan magariba

Goggo Hamna ta zo, wai ta zo duba ni. Ta zauna a kujerata ta cire takalmi kamar gidan ubanta, to gidan ubanta ne ɗin.

Tun da aka yaye yarinyar aka ce 'yar Goggo ce, kamar yadda ake yi. Tana kwana a ɗakina, amma komai ta hannun Goggo yake bi. In na sayi jakar makaranta, in kai Yelwa, Goggo ta kawo ta ce ga shi 'yata. Fitilar caji ta karatu, Goggo. Malamin lissafi da ke zuwa ranar Asabar, ni na nemo shi, Goggo ta kawo shi. Taron iyaye, ni zan biya keke, ita za ta zauna a benci. Haka muka tsara, kuma ban taɓa jin haushin haka ba sai ranar da na ga leshin nan a kan dandamali.

Na ce mata, "Kin ji daɗin tafi, Goggo?"

Ta ce, "Useni, don Allah Fanta, kar ki juye a kaina. An kira ni, in ƙi tashi? Ki bari in zaunar da ita in gaya mata komai, daga jaka har fitila."

Na ce in ta gaya mata, ba ni ba ita. Ba zan sayi 'yata da lissafin jaka da fitila ba.

Ta ce yarinyar ba ta cin abincin kirki. Na ce yunwa za ta koya mata. Bayan ta fita na tuna ban gaya mata cewa yarinyar ba ta cin miyar kuka in an sa daddawa da yawa ba. Goggo kuwa hannunta nauyi ne da daddawa.

Talata

Na aika wa Goggo saƙo a waya kan daddawar. Ta amsa da "to" kawai.

Alhamis, da azahar

Madam Victoria da kanta, har asibiti. Na so in ce ba na nan, Margaret ta riga ta nuna mata ni. Muka tsaya ƙarƙashin mangwaro.

Ta ce kiran yarinyar gaban jama'a kuskure ne, nata ne, ta ɗauka. Ta ce da suka koma suka duba, sun ga da yawa cikin gidajen da suka sa wa ja 'ya'yan fari ne na Fulani, kuma za su faɗi haka a rahotonsu. Na ce ihu bayan hari. Na ce yara nawa kuka bi tun suna tsotsar yatsa, ba wanda ya taɓa tambayar me ya sa uwa ta sunkuyar da kai?

Ta bari na gama. Sannan ta ce, "Hajiya, ba amsa naki kaɗai muka duba ba. Yara ma muna tambayarsu, su kaɗai, a makaranta. Muna cewa, akwai wani a gida da yake gaya maka yana alfahari da kai? Tun tana firamare har bana, amsa nata bai canja ba."

Ban tambaye ta amsar ba. Ba ta faɗa ba.

Na ce ta tafi da injinta da sandarta ta auna gidan uwarta. Ta ce, "Allah ya ba da haƙuri," ta shiga mota. Da ta rama da ya fi mini sauƙi.

Juma'a

Ban je aiki ba.

Asabar, da walaha

Yarinya ƙarama, da kitson da na yi mata da hannuna, zaune gaban baƙo a ofishin hedimasta tana cewa babu. Sannan ta dawo gida in zuba mata abinci ta ci, ta ce na gode Adda. Adda take ce mini, kamar yayarta, haka 'yan fari ke yi. Duk shekara tana cewa babu, tana dawowa tana cin abincina.

Munafuka.

A'a. Ba munafuka ba ce. Me za ta ce, akwai?

Lahadi, bayan la'asar

Ta zo ɗaukar takardunta da ta bari a akwatina. Ta rame. Ta durƙusa ta gaishe ni daga bakin ƙofa kamar mai gaida maƙwabciya. Na ce suna nan inda suke.

Tana fitowa na kasa riƙe bakina. Na ce, "Ke, kin je kin gaya wa duniya ba ki da kowa. Jakar da kike rataye da ita daga sama ta faɗo?" Ni da na hana Goggo, ga ni ina faɗa da bakina.

Ta tsaya. Ta ce, "Adda, na san ke kike saya. Tun ina aji uku na firamare na sani. Goggo ba ta san lambar takalmina ba ma. Na san ke kike tashi ki sa fitila a caji. Ba wannan suka tambaye ni ba."

Na ce to me kuma kike so, in hau rufin kwano in yi shela?

Ta ce, "Ashraf kina kiransa sau nawa a rana? In ya zo na goma a aji kina cewa ɗana ya yi ƙoƙari. Ni na zo na ɗaya, kin ce in je in nuna wa Goggo."

Na ce Ashraf auta ne, ba ɗaya ba ne, ita ma ta sani. Na ce wannan kunyar ba ƙi ba ce, girmamawa ce, da ita aka san mu. Ta ce ta sani, tana girmama ta, amma ita ba ta ƙoshi da ita ba. Ta gyara jakarta ta fita.

Tunda abin ya kai haka bari in rubuta abin da ta ce ranar taron. Cewa ta yi, "Adda, kin ma san sunana kuwa?" Ni kuma na ce wanda ya raɗa miki shi ya kira ki.

Ni na zaɓi sunan. Ina kwance da ciwon haihuwa na raɗa wa Goggo a kunne, ta kai wa maza, aka ce zaɓin Goggo ne.

Talata

Alhamis za ta tafi. Motar safe.

Talata, da yamma kuma

Na sayo nama na yi dambu. Na daka yaji, na soya man shanu na zuba a kwalba. Ba don komai ba, abincin makaranta ba abinci ba ne. Duk wanda ya karanta wannan ya ce na sauko, ƙarya yake.

Laraba, bayan azahar

Na kai kayan Yelwa lokacin da na san ta fita kasuwa. Na ajiye gaban Goggo na ce ga shi, ki ba ta, ki ce ke kika yi.

Goggo ta tura ledar da ƙafa ta dawo gabana.

"Na gaji, Fanta. Tun tana zanen goyo nake miki ɗan aike. An tafa mini a kan abin da ba ni na yi ba, kin zage ni, na shanye. Wannan kam ki kai da kanki."

Na ce ai ita ce uwarta a idon duniya, har da hoto. Ta ce, "Semtende, kunyar nan tamu, da kyau, ni ma da ita na tashi. Amma Dada da kike jin kunyarta tana kabari. Wa ya rage kike ɓoye wa? Ni?"

Na ɗauki ledata na fito ban yi mata sallama ba. Tsohuwar banza. Da ta karɓa da yanzu na huta.

Ba zan je tasha ba. In ba ta ci dambu ba ba za ta mutu ba.

Alhamis, da hantsi

Na je.

Na makara, don sau biyu ina sa mayafi ina cirewa. Na sauka daga keke tashar cike, masu lodi na ihu, masu burodi na bin mutane. Na hango Goggo can tana magana da direba. Yarinyar kuma ta juya mini baya, tana tafiya wajen motar da jakarta, 'yan mata sa'anninta ko'ina da irin hijabinta.

Na tsaya da leda a hannu. Na ce a raina su Madam ba sa nan, ba mai latsa komai, ba bango ba sanda. Na buɗe baki na kira.

Muryar ta fita, na ji ta da kunnena, wani mai lemo ma ya waiwayo. Ita ma ta tsaya. Ta duba dama, ta duba wajen masu shayi, ta duba cikin motar ko wata ƙawarta ce. Idonta ya bi ta kaina ya wuce. Sai ta ci gaba da tafiya. Ba ta san sunanta da muryata ba.

Na ce, "Ke!"

Nan take ta juyo, kai tsaye inda nake.

Ta zo ta durƙusa. Na miƙa mata ledar na ce dambu ne da yaji, kar ta bar kwalbar a rana. Ta karɓa ta ce ta gode. Ba ta tashi ba. Ta ce, "Adda, na ji kamar an kira ni ɗazu."

Na ce an kira.

"Wa?"

Na ce tashi ki shiga mota, ana jiranki. Ɗan kamasho yana buga gefen motar yana cewa saura mutum ɗaya. Ta miƙe, ta tsaya tana kallona, ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ta ce, "Ban ji da kyau ba. Ki sake."

Goggo na tsaye a bayanta ta kawar da kai, wai tana gyaran ɗankwali. Direba ya danna hon.

Na sake. A hankali, yadda na faɗa wa Goggo a kunne ranar farko.

Ta ce, "Na'am."

Motar ta tashi. Na dawo gida da ƙafa, ban nemi keke ba. Su bar jansu a bango, ban yafe musu ba, ba kuma zan yafe ba.

Alhamis, bayan isha'i

Ta kira, sun isa lafiya. Ta ce man shanun ya ɗan zube a jaka. Na ce ai na gaya miki ki riƙe shi a tsaye, Ruwaida.